Malamin jami'a a Amurka ya dawo daga jinya an canza masa fuska: tambayoyi da amsoshi

Jama'a assalamu alaikum. Waɗannan tambayoyin duk daga bakin 'yan uwanmu ne masu koyarwa a jami'o'in Amurka, wasu a waya, wasu a wajen suna ko taron sallah za a ja ka gefe a yi ƙasa da murya a tambaye ka. Kusan labarin iri ɗaya ne. Mutum ya kwanta asibiti ko an yi masa tiyata ko mace ta haihu, ya ɗauki hutu, ya dawo, sai ya ga an ɗauke masa kwas ɗin da ya shekara biyar yana koyarwa, an cire shi daga kwamiti, shugaban sashe ya daina amsa imel ɗinsa, bayan wata shida a ce ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne yawancinmu sai wa'adin kai ƙara ya wuce sannan muke buɗe baki, shi ya sa na zauna na tattara su wuri ɗaya. Wannan ba zai tsaya a madadin lauya ba, amma aƙalla in za ka je wajen lauyan ka san me za ka tambaya.

Wace doka ce ma ta ba ni damar tafiya jinya ba tare da na rasa aikina ba?

Sunanta FMLA, Bill Clinton ne ya sa mata hannu a watan Fabrairun 1993. Ta ba ma'aikaci sati 12 a cikin wata 12 saboda rashin lafiyarsa mai tsanani, ko haihuwa, ko jinyar mata ko miji ko ɗa ko iyaye. Ba ta ce a biya ka albashi ba, wannan ya rage ga tsarin jami'arka da kuma jihar da kake, don akwai jihohi irin su Kalifoniya da New York da New Jersey da Massachusetts da suke da nasu tsarin biyan wani kaso. Abin da ta ce shi ne inshorar lafiyarka ta ci gaba kamar kana aiki, kuma in ka dawo a mayar da kai kan aikinka ko wanda ya yi daidai da shi a albashi da matsayi da alawus. Sharaɗinta dai ka yi wata 12 kana musu aiki, ka yi awa 1,250 a shekarar da ta gabata, kuma suna da ma'aikata 50 a cikin tazarar mil 75, wanda kusan kowace jami'a ta wuce haka nesa ba kusa ba.

Ni ba na buga katin shiga da fita, ta yaya za a san na cika awa 1,250?

Wannan kar ya dame ka in cikakken malami ne kai. Ƙa'idojin ma'aikatar ƙwadago sun san malami yana aiki a gida, yana makin takardu da dare, yana shirya lacca ran Lahadi, don haka jami'ar ce za ta kawo hujjar cewa ba ka cika ba, ba kai ba. Wanda ke da matsala shi ne malamin wucin gadi mai kwas ɗaya ko biyu a zango. Shi kam ya riƙa rubuta awoyinsa da kansa, har da na makin jarrabawa da ganawa da ɗalibai.

Wani irin ciwo ne ake lissafawa? Ciwon damuwa yana ciki?

Yana ciki. Duk ciwon da ya sa ka kwana a asibiti, ko ya hana ka aiki fiye da kwana uku a jere kana ganin likita, ko ciwo mai tafiya yana dawowa kamar ciwon suga da asma da farfaɗiya da sikila, da juna biyu, da ciwon damuwa mai tsanani da sauran larurorin ƙwaƙwalwa. Kuma ba dole sai ka ɗauki satin 12 a haɗe ba, za ka iya gutsura shi, misali duk ranar Alhamis da kake zuwa wankin ƙoda ko ƙarin ruwan maganin ciwon daji (kansa). Wani abu da mutane ba su sani ba, in jami'a ta tafi dogon hutu na sati ɗaya ko fiye kuma da ma ba a sa ran ka zo aiki a lokacin, ba a cire waɗannan satittikan daga cikin 12 ɗinka.

Mahaifiyata ce ba lafiya a gida, in na taho Kano ko Damagaram jinyarta dokar za ta rufe ni?

Eh za ta rufe ka. Dokar ba ta ce sai mara lafiyan yana Amurka ba, kuma dole jami'a ta karɓi takardar likitan da ke aiki bisa ƙa'ida a ƙasar da ake jinyar, sai dai in ba da Turanci aka rubuta ba, kamar takardun Nijar da ke zuwa da Faransanci, kai za ka nemo fassara in sun buƙata. Sannan ga wani abu da ya shafe mu sosai: kalmar iyaye a dokar ta haɗa da wanda ya riƙe ka kana yaro ya tsaya maka a matsayin uwa ko uba, kenan gwaggo ko kaka ko kawun da ya raine ka ya shiga, ko da ba wata takardar kotu. Amma surukai ba sa ciki. Mahaifiyar matarka in ta kwanta, matarka ce ke da haƙƙin, kai ba ka da shi a dokar tarayya.

Dole ne in gaya wa shugaban sashe abin da ke damuna? Ni gaskiya ba na son a san ciwona.

Na fahimce ka ɗari bisa ɗari, mu mutane ne masu sakaya ciwo, ko a gida sai a ce "jikin ne dai" a wuce. Ba dole ba ne shugaban sashe ya san sunan ciwon. Takardar likita ofishin kula da ma'aikata take zuwa, kuma doka ta ce a ajiye bayanan lafiyarka daban da fayil ɗinka na aiki. Wanda kake ƙarƙashinsa kai tsaye ma an hana shi ya kira likitanka. Amma fa akwai iyaka ga ɓoyon. Dole ka faɗi abin da zai sa su gane cewa larura ce mai nauyi, in ka ce "ba na jin daɗi" kawai ka ɓace sati biyu, gobe za su ce ba su san komai ba kuma kotu na iya yarda da su. In abu ne da ka san da zuwansa kamar tiyatar da aka sa wa rana, sanarwar kwana 30 ake so. In na gaggawa ne, da zarar ka samu iko. Su kuma suna da kwanakin aiki 5 su gaya maka ko ka cancanta, kai kuma kwana 15 ka kawo takardar likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi ɗan uwa, kuma duk abin da za ka faɗa ka faɗe shi a imel, kar ka tsaya a maganar baka a bakin ofis.

Shugaban sashenmu ya ce ba sai na cike fom ba, abokan aiki za su riƙe min azuzuwa. Ba shikenan ba?

A'a wallahi ba shikenan ba. Wannan ita ce hanyar da ta fi cin mutanenmu, saboda tana kama da mutunci, kuma sau da yawa mutuncin ne da gaske. Matsalar ita ce shugaban sashe yakan sauka bayan shekara uku ko ya bar jami'ar, wanda ya gaje shi ba abin da zai gani a fayil sai shekarar da ba ka wallafa komai ba kuma ɗalibai sun rubuta cewa malami ba ya zuwa aji. Ka gode masa, ka karɓi taimakon, amma ka cike fom ɗin.

Sati 12 sun ƙare ban warke ba. Za su iya korata?

Nan ne wata dokar take shigowa, wato ADA ta 1990 wadda aka faɗaɗa a 2008, ita ce ta masu larura ko naƙasa, kuma kansa da ciwon suga da farfaɗiya da ciwon damuwa mai tsanani duk suna shiga cikin sauƙi tun bayan gyaran. Akwai kuma sashe na 504 na wata dokar masu naƙasa ta 1973 da ya hau kan duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Waɗannan sun ce mai aiki ya zauna da kai ku nemo sassaucin da zai ba ka damar yin aikinka in dai ba zai ɗora masa nauyin da ya wuce kima ba. Sassaucin zai iya zama ƙarin hutu na ɗan lokaci, ko mayar da ajinka na ƙarfe takwas zuwa rana, ko aji a ƙasa ba a bene ba, ko koyar da wani kwas ta intanet.

Amma zan gaya maka gaskiya kan ƙarin hutu, kotuna ba su da sakin hannu. Akwai shari'ar Grace Hwang, malama a Jami'ar Jihar Kansas. An gano tana da kansa kafin a fara zangon karatu, jami'a ta ba ta wata shida da albashi, da lokacin ya zo ƙarewa likitanta ya ce ta ƙara, ta roƙi a bar ta zuwa ƙarshen zango na biyu ta yi alkawarin dawowa koyarwa a zangon bazara, jami'a ta ce tsarinta wata shida ne ba ƙari. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta ba jami'ar gaskiya, kuma Neil Gorsuch ne ya rubuta hukuncin tun kafin ya je Kotun Ƙoli. Ni wannan hukuncin har yau yana min ciwo, mace tana fama da ranta ta faɗi ranar da za ta dawo amma a ce doka ba ta tare da ita. A 2017 wata kotun ɗaukaka ƙarar da ke Chicago ta ce hutun wata biyu zuwa uku bayan na FMLA ma ba dole ba ne. Wasu kotunan sun fi waɗannan sassauci, ita ma EEOC, hukumar tarayya mai karɓar ƙorafin wariya a wurin aiki, ta fi su. Darasin da ke ciki dai, kar likitanka ya rubuta "har sai ya samu sauƙi". Ya sa rana. Hutun da ba shi da ranar dawowa kusan ko'ina faɗuwa yake.

Mene ne bambancin wariya da ramuwar gayya? Ina jin lauyoyi na raba su.

Wariya ita ce a cuce ka saboda abin da kake, mai larura, mai ciki, baƙar fata, ɗan wata ƙasa, Musulmi. Ramuwar gayya ita ce a cuce ka saboda abin da ka yi wanda doka ta ba ka dama, ka ɗauki hutu, ka nemi sassauci, ka kai koke, ka ba da shaida ga abokin aiki. Akwai na uku a FMLA, wato yi wa haƙƙinka katsalandan, kamar a riƙa tsorata ka kar ka tafi, ko kana gadon asibiti a ce sai ka gama makin jarrabawar ɗalibai 200. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne za ka iya faɗuwa a ƙarar wariya amma ka ci ta ramuwar gayya, in dai koken da ka kai da zuciya ɗaya ka kai shi kuma mai hankali zai iya ganin abin da ka gani. Shi ya sa ramuwar gayya ita ce ƙorafin da ya fi kowanne yawa a EEOC shekara da shekaru.

Ba su kore ni ba, amma sun ɗauke min ɗaliban digiri na uku da ɗakin gwajina. Wannan ya isa ƙara?

Zai iya isa. A shari'ar Burlington Northern ta 2006 Kotun Ƙoli ta ce ma'aunin ramuwar gayya shi ne, shin abin da aka yi zai iya sa ma'aikaci mai hankali ya fasa kai ƙorafi? Ba sai an taɓa albashi ba. A 2024 kuma a shari'ar Muldrow, wata 'yar sanda a St. Louis da aka canza wa wurin aiki albashinta bai ragu ba, kotun ta ce a ƙarar wariya ya isa mutum ya nuna an cutar da shi a sharuɗɗan aikinsa ko da cutarwar ba babba ba ce. Ga malamin kimiyya ɗauke ɗakin gwaji ai yanke masa hannu ne. Amma gaisuwar da aka daina amsawa da shan ƙamshi a taron sashe, waɗannan su kaɗai ba sa zama ƙara, sai dai ka rubuta su don suna cika hoton.

Ta yaya zan tabbatar saboda jinyar ne, tunda ba wanda zai faɗa da bakinsa?

Da wuya a faɗa, duk da wani lokacin ana suɓutar baki a imel, irin "muna buƙatar wanda za mu dogara da shi" ko "lafiyarta za ta bari kuwa?". Kotuna suna bin wani tsari tun shari'ar McDonnell Douglas ta 1973: kai ka nuna alamun farko, jami'a ta kawo dalilinta, sai kai kuma ka nuna dalilin nan fakewa ce da guzuma a harbi karsana. Jami'a kullum tana da dalili a aljihu, ƙarancin kuɗi, ƙarancin ɗalibai, wallafe-wallafenka ba su kai ba, ra'ayin ɗalibai a kanka ya yi ƙasa. Aikinka shi ne ka nuna inda dalilin ya yi yoyo. Rahotannin shekara-shekara da suke yabonka kafin ka kwanta sannan suka juye bayan ka dawo. Abokin aiki da ke da wallafa daidai da taka ko ƙasa amma an ɗaga shi. Dalilin da ya canza, yau an ce kuɗi gobe an ce koyarwa. An ce ba kuɗi amma an ɗauki wani a gurbinka. An tsallake matakan da littafin ƙa'idojin malamai ya shimfiɗa. Kusancin lokaci ma hujja ce, in sati biyu da dawowarka aka yi abin yana da nauyi, amma Kotun Ƙoli a 2001 ta ce sai lokacin ya zama kusa sosai in shi kaɗai za ka dogara da shi, har ta kawo misalin hukunce-hukuncen da suka ce wata uku ko huɗu ya yi nisa. A jami'a wannan matsala ce, don komai jiran ƙarshen zango yake, sai lauyanka ya nuna cewa wannan ce damar farko da suka samu.

Sannan a san da shari'ar Dakta Naiel Nassar da cibiyar koyar da likitanci ta Jami'ar Texas da ke Dallas a 2013. Kotun Ƙoli ta ce a ramuwar gayya ƙarƙashin dokar haƙƙin jama'a ta 1964 sai ka nuna cewa ba don ƙorafinka ba da abin bai faru ba. Bai isa a ce yana cikin dalilai ba. Kuma FMLA kanta ba ta ba ka fiye da abin da za ka samu da ba ka tafi ba, in an rufe sashenku gaba ɗaya kana jinya, kai ma ya shafe ka.

Batun teniya fa? Shekarar da na yi jinya za a lissafa min ita?

Ga wanda bai saba ba, teniya ita ce tabbatar da malami dindindin, yawanci a shekara ta shida ake duba fayil ɗinka, in ba ka samu ba a ba ka shekara ɗaya ta sallama. Yawancin jami'o'i suna da tsarin dakatar da lissafin shekarun saboda haihuwa ko jinya, wasu da kansa yake hawa, wasu sai ka nema a rubuce cikin wani wa'adi, don haka ka buɗe littafin ƙa'idojin ka karanta da idonka. In an ba ka ƙarin shekara ka tabbata wasiƙar da ake aika wa masu duba aikinka na waje ta ce a auna ka da ma'aunin shekara shida, kar a ce ai ya yi bakwai ya kamata ya fi haka. Nan ne ake cutar mata musamman. Kuma kar a ruɗe ka da cewa abin da kwamiti ya tattauna sirri ne har abada. A 1990, a shari'ar da ta taso daga ƙorafin Rosalie Tung wadda aka hana teniya a makarantar Wharton ta Jami'ar Pennsylvania, alƙalan Kotun Ƙoli gaba ɗayansu suka ce jami'a ba ta da hurumin ɓoye wa EEOC waɗannan takardun.

Kwana nawa nake da shi kafin ƙofa ta rufe?

Dan Allah in ba ka karanta komai ba ka karanta wannan. Ƙorafin wariya ko ramuwar gayya ƙarƙashin ADA ko dokar 1964 sai ya fara bi ta EEOC, cikin kwana 180, ko 300 in jiharku na da hukumarta mai irin wannan aikin, wanda yawancin jihohi suna da ita. In EEOC ta ba ka takardar izinin zuwa kotu, kwana 90 kacal gare ka. FMLA kuma ba sai ka bi ta EEOC ba, kana iya zuwa ma'aikatar ƙwadago ko kotu kai tsaye cikin shekara 2, ko 3 in da gangan aka karya dokar.

Tambayar ita ce daga yaushe ake fara ƙirga, kuma amsar ta fito ne daga kan wani ɗan Afirka ta Yamma irinmu. Columbus Ricks ɗan Laberiya ne, ya fara koyarwa a Kwalejin Jihar Delaware a 1970. A 1974 aka hana shi teniya, a watan Yunin shekarar aka ba shi kwantiragin sallama na shekara ɗaya. Ya bi hanyar koke ta cikin gida, ya ci gaba da koyarwa, sai a watan Afrilun 1975 ƙorafinsa ya shiga EEOC. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce ya makara, wai ana fara ƙirga ne daga ranar da aka yanke shawarar aka sanar da shi, ba daga ranar da ya kwashe kayansa daga ofis ba, kuma koken da ya shigar a cikin makarantar bai tsayar da ƙirgan ba. Ko sauraron ainihin maganarsa ba a yi ba. Yau shekara arba'in da ɗoriya kuma har yanzu malamai na faɗawa ramin nan, mutum na zaune yana jiran kwamitin ɗaukaka ƙara na jami'a ya zauna, kwamitin na ɗage zama, kwanaki na tafiya. Mu kuma ga haƙuri, ga "bari mu ga abin da Allah zai yi", ga nauyin a ce baƙo ya kai masu gida ƙara. Haƙuri abu ne mai kyau kuma ba na raina shi, amma shigar da takarda a EEOC bai hana ka haƙuri ba, bai hana sulhu ba, kyauta ne, ana farawa ta shafinsu na intanet, ba sai da lauya ba, kuma su kansu suna da tsarin sasanci kyauta.

Jami'armu ta gwamnatin jiha ce. An ce wai ba a kai su ƙara?

Ana kai su, amma hanyar ta fi ƙunci. Patricia Garrett shugabar ma'aikatan jinya ce a wani sashe na asibitin Jami'ar Alabama da ke Birmingham, ta kamu da kansar mama a 1994, ta yi jinya ta dawo a 1995 aka ce ta sauka daga muƙaminta, ta koma wani mai ƙarancin albashi. A 2001 Kotun Ƙoli da alƙalai biyar a kan huɗu ta ce mutum ba zai iya neman diyyar kuɗi daga jiha ba ƙarƙashin ɓangaren aiki na ADA. A 2012 a shari'ar Coleman ta faɗi haka kan hutun FMLA na jinyar kanka, alhali a 2003 a shari'ar Hibbs ta ce in hutun jinyar iyali ne ana iya nema. Toh me ya rage? Sashe na 504, tunda jami'ar da ta karɓi kuɗin tarayya ta yarda a kai ta ƙara a kansa. Sai neman kotu ta umarci jami'an makarantar su mayar da kai aiki. Sai dokokin jihar kanta, wasu sun fi na tarayya ƙarfi. Ita ma EEOC tana iya miƙa ƙorafin ga ma'aikatar shari'a ta tarayya, ita kuma ta kai jihar ƙara. Dokar 1964 kuwa, ta launin fata da addini da jinsi da asalin ƙasa, tana hawa kan jihohi ba wannan katangar. Tambayar farko da lauya zai maka kenan, jami'ar jiha ce ko mai zaman kanta.

In ta addini ce fa?

Nan ma akwai katanga in aikinka ya shafi koyar da addini ko jagorantar ibada. A 2012 da 2020 Kotun Ƙoli ta kori ƙararrakin malaman makarantun coci, ɗaya mai larurar da barci ke kwashe mutum ba shiri ɗaya mai kansar mama, a kan cewa gwamnati ba ta shiga tsakanin majami'a da masu hidimarta. Malamin lissafi a jami'ar addini ba lallai abin ya hau kansa ba, amma ka duba me kwantiraginka ya kira ka.

Ina kan bizar aiki ta H-1B. Ba zan jawo wa kaina kora daga ƙasar ba?

Wannan tsoron shi ne ya fi rufe bakin mutanenmu kuma ba tsoron banza ba ne. Dokokin nan suna kare ka ko kai ba ɗan ƙasa ba ne, kuma hutun jinya na gaskiya da kai ka nema ba ya karya bizarka in dai kana nan a matsayin ma'aikacinsu. Amma in aikin ya ƙare kana da kwanaki da ba su wuce 60 ba ka samu wani wurin ko ka canza matsayi ko ka tafi, kuma ƙarar da ka shigar ba ta ƙara maka ko kwana ɗaya. In su suka sallame ka kafin wa'adin bizar, kuɗin jirgin komawarka gida a kansu yake. Don haka lauya biyu kake buƙata, na ƙwadago da na shige da fice, kuma ka fara neman wani aikin tun ranar da ka ji ƙamshin abin. Wani sauƙin shi ne jami'o'i ba sa cikin ƙayyadadden adadin H-1B na shekara, wata jami'ar na iya ɗaukarka kowane wata. A wajen sulhu ma mutum na iya neman a tsawaita ranar ƙarshen aikinsa maimakon kuɗi, ga mai biza wani lokacin wannan ya fi dala daraja.

Me zan fara tarawa tun yanzu?

Wasiƙar ɗaukarka aiki, littafin ƙa'idojin malamai na shekarar da abin ya faru, rahotanninka na kowace shekara, ra'ayoyin ɗalibai, jadawalin kwasa-kwasanka kafin da bayan jinya, da duk imel ɗin da ya shafi hutun. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta rana da wanda ya faɗi magana da wanda ke wurin. In an yi magana da baki, ka koma ofis ka tura imel cikin ladabi: "Na gode da zaman yau, abin da na fahimta shi ne kaza da kaza." Ka ajiye kwafi a wajen kwamfutar jami'a don ranar da aka sallami mutum ake rufe masa akwatin imel. Amma kar ka kwashi bayanan ɗalibai ko fayilolin sirri na wasu, wannan kaɗai zai ba su dalilin kora na halak. Naɗar murya a ɓoye ma a kula, a Kalifoniya da wasu jihohin laifi ne sai kowa ya yarda. Kuma ka bar zancen a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, lauyoyin jami'a suna iya neman a kawo su gaban kotu.

Sun ba ni takardar sulhu da albashin wata shida in sa hannu. In sa?

Kar ka sa a ranar. Yawanci cikinta akwai yafe duk wata ƙara. In shekarunka 40 ko fiye, doka ta ba ka kwana 21 ka yi nazari da kwana 7 ka janye bayan ka sa hannu, in dai yafewar ta haɗa da ƙarar wariyar shekaru. Ka kai wa lauya ya karanta. Kuma kar ka yi murabus cikin fushi, wanda ya ajiye aiki da kansa sai ya tabbatar cewa zaman ya kai inda ba mai iya jurewa, wannan kuwa tudu ne mai wuyar hawa.

In na ci shari'ar me zan samu?

Albashin da ka rasa, mayar da kai aiki ko kuɗin da zai tsaya a madadinsa, da kuɗin lauya. A FMLA ana iya ninka asarar albashin sau biyu amma ba a biyan diyyar ɓacin rai. A ADA da dokar 1964 ana biya amma da rufi, daga dala 50,000 ga ƙaramin wurin aiki zuwa dala 300,000 ga mai ma'aikata sama da 500, kuma tun 1991 ba a ɗaga wannan adadin ba. Kotuna ba sa son su ba mutum teniya da hannunsu, sun fi cewa a sake duba fayil ɗin ko a biya kuɗi. Shari'ar takan ci shekaru, da yawa kuma a sulhu suke ƙarewa. Lauyoyin ma'aikata da dama ba sa karɓar kuɗi a gaba sai kaso cikin abin da aka samu, wajen kashi ɗaya cikin uku ko sama da haka kaɗan, ka tambaya tun zaman farko. In akwai ƙungiyar malamai a jami'arku ko reshen AAUP, wato ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka, ku je musu da wuri, wa'adin koke a yarjejeniyar ƙungiya wani lokacin 'yan makonni ne kawai.

Abokiyar aikina ce abin ya samu, ta ce in ba da shaida. Ni ma ban samu teniya ba tukuna.

Doka ta kare mai ba da shaida kamar yadda ta kare mai ƙara, in aka taɓa ka saboda shaidar kai ma kana da taka ƙarar. Ba zan ce maka ba haɗari ba, akwai, masu jefa ƙuri'a a kan fayil ɗinka su ne mutanen da za ka yi magana a kansu. Ka faɗi abin da ka gani da idonka da abin da ka ji da kunnenka, ka tsaya nan, kar ka ƙara kar ka rage, kuma ka ajiye kwafin rahotanninka na baya tun kafin ranar da za a kira ka.